Ƙauyukan Bayan Kacala: Inda Hanyar Asibiti Ke Bi Ta Cikin Ruwa

Idan kana cikin masu sayen bandar tarwaɗa a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko a Sabo ta Ibadan, ko a wata kasuwar Abuja, ba mamaki wadda aka zuba maka a miya daren jiya daga fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru ta fito. Haka tattasai da attaruhu da shinkafa 'yar gida. Kayan wurin sun daɗe da sanin hanyar gidanka, kai ne wataƙila ba ka taɓa taka tasu hanyar ba. To taso mu je, amma ka bar takalmin ofis a gida, ba zai yi maka rana ba.

Daga Kano zuwa Haɗeja tafiyar kamar awa uku ce a mota. Daga Haɗeja sai ka kama hanyar Kirikasamma, ka nufi ƙasar Guri, can kusa da iyakar Jigawa da Yobe. A wannan yanki ƙasa a baje take, don haka kogin Haɗeja da na Jama'are sukan rarrabu su zama ƙananan rassa, suna kewaye tuddan yashi, kafin su sake haɗuwa wajen Gashuwa su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Ƙauyukan a kan waɗannan tuddai suke zaune. Da rani mota ko babur na kai ka yawancinsu. Daga watan Agusta har bayan kaka kuwa, ruwa ne tsakanin da yawansu da kwalta. Ni a watan Oktoba na je, na kwana biyu a gidan wani tsohon abokin mahaifina. Sunan ƙauyen zan bar shi a cikina, domin a ƙarshe akwai labarin gidan mutane da zan ba ka.

Inda mota za ta sauke ka, za ka tarar da kwale-kwale biyu ko uku a bakin ruwa. Ka shiga a hankali, ka zauna tsakiya, kada ka riƙa juye-juye. Da farko ruwan a buɗe yake, ga bado ya shimfiɗa ganye, ga masunci can ya kwanta rub da ciki a kan ƙatuwar gora yana tura kansa da hannu. Ba za ku yi nisa ba sai ka ga bango ya taso gabanku, kore shar, hagu da dama. Wannan ita ce kacala.

Ciyawa ce doguwa mai siraran ganye kamar takobi, tsayinta ya wuce na namiji tsayayye ko da ya ɗaga hannu. Kanta kamar zangarniyar gero, sai dai babu ko tsaba ɗaya ta ci a jiki. In ya bushe sai ya fashe ya zama kamar auduga, iska ta kwashi irin ta watsa. Saiwarta kuma tana bin ƙarƙashin laka tana ɓullowa a gaba, shi ya sa in ka ƙone ta ko ka sare ta sama-sama, aski kawai ka yi mata. A cikinta mai jirgi zai ajiye filafili ya ɗauki doguwar sanda yana tokarawa, wani wurin har sai ya kama ganyen da hannu ya ja jirgin. Hanyar ba ta fi faɗin jirgi ɗaya da rabi ba. In kuka yi karo da wani jirgin, dole ɗaya ya kutsa cikin ciyawa ya jira. Iska ba ta shigowa, gumi zai jiƙa ka, kuma ba ka ganin komai sai ganye da ɗan tsirin sararin sama.

Dattawan wurin sun girma ba su san kacala da irin wannan yawa ba. A da kogin yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye, wasu rassan su bushe ƙarƙaf har shanu su bi ta ciki. Bushewar nan ita ke hana ciyawar kama ƙasa. A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Su ne ke shayar da birnin Kano da gonakin rani na su Kadawa da Kura, inda tumatirin da ke kan teburinka yake fitowa. Amma tun da aka fara sakin ruwa daga madatsun har da rani, rassan nan na ƙasa suka daina bushewa, laka ta riƙa taruwa, kacala ta samu wurin zama. Da ta toshe wani reshe, sai ruwan ya karkata ya afka wani. Haka aka wayi gari ruwa mai yawa na bin mashigin Marma zuwa tafkin Nguru yana cinye gonaki, alhali wasu garuruwan da ke kan tsofaffin rassa suna kukan ruwa ya daina zuwa musu. Ƙauye biyu da ba su fi tafiyar yini a ƙafa tsakaninsu ba, ɗaya na addu'ar ruwa ya janye, ɗaya na addu'ar ya zo.

Da kun fito daga cikin ciyawar, ƙauyen zai bayyana a kan tudunsa, ga goruba ta yi masa rumfa, ga hayaƙin banda na tashi daga bayan gidaje. Za a tarbe ka da ruwa a kwanon sha, a biyo da fura, a tambaye ka hanya da iyali da mutanen Kudu ɗaya bayan ɗaya. A dandali za ka ji Hausa da Badanci da Manganci da Fulatanci suna cakuɗuwa a zama guda, babu mai neman tafinta. Ka zauna a tabarmar kaba ka saurara. Ko da siyasa aka fara hira, ko da farashin taki, ba za a tashi ba sai an dawo kan kacala.

Manomi zai nuna maka inda gonar mahaifinsa take, ka duba ka ga ciyawa zalla. Masunci zai ce maka kifi na nan a ciki, amma taru ba ya shiga, sai dai a dasa mali a bakin hanya a jira abin da Allah ya kawo. Bafulatani zai yi maganar mashayar da ta toshe da ciwon hanta da ke kama shanun da ke kiwo cikin ruwan da ba ya gudu. Sannan ga jan-baki. Tsuntsayen nan a cikin kacala suke kwana, inda babu mai iya cim musu, da sassafe su tashi kamar hadari su sauka a kan shinkafar da ta fara nuna. Shi ya sa a watan Oktoba in ka leƙa makarantar firamaren ƙauyen za ka ga aji rabi babu kowa. Yaran suna gona tun asuba, a kan 'yan rumfunan da aka kafa, suna kaɗa gwangwani suna ihu har maƙogwaro ya dushe. Malamin bai ga laifin iyayen ba, ni ma da na ga gonar da tsuntsu ya riga mai ita, ban gani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gayyar yanke ciyawar. Bulama kan sa a yi shela, kowane gida ya fitar da namiji, mata su haɗa hatsi su yi tuwo da kunu a kai bakin ruwa. Ƙauyukan da ke kan reshe ɗaya sukan raba aikin, kowa ya san daga inda nasa ya fara zuwa inda ya tsaya. Maza za su shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, su sunkuya su yanke ta can ƙasan ruwa, domin sun gano in ruwa ya rufe kututturen, saiwar ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Aiki ne mai cin jiki. Ganyen na tsaga hannu, matsattsaku na maƙalewa a ƙafa, maciji ma ba baƙo ba ne. Gwamnati takan kawo injinan yasa su buɗe manyan rassa, kuma mutane na yabawa, amma ƙananan hanyoyin da ke kaiwa ƙofar kowane ƙauye hannu ne ke buɗe su. Hanyar da muka bi muka shigo, sati biyu kafin zuwana aka yi mata gayya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu bari mu je inda yara suke. Da rana ta take, duk yaron da ba ya gona yana cikin ruwa. Suna tsalle daga kan jirgi, suna nutso, suna kamun ƙananan karfasa da hannu. In ka zo da naka 'ya'yan hutu daga birni, minti goma ya yi yawa za ka ga sun tuɓe sun bi sahu, kuma wallahi abin gwanin sha'awa. Sai dai a jikin ciyawar bakin ruwan akwai wasu ƙananan dodon-koɗi, waɗanda ba su fi ƙwayar wake ba, kuma su ne gidan tsutsar da ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar na fita tare da shi su ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon-koɗin su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito cikin ruwa da yawan gaske, ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga jikin mai wanka ko mai wanki ko mai yankan kacala. Daga nan su bi jini su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai, ƙwan kuma shi ke raunata bangon mafitsarar. Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari, wani lokaci da zafi. Ba ta fitowa nan take, takan ɗauki wata biyu zuwa uku. Wato yaron da ya yi wanka a hutun Agusta, sai an koma Legas ko Fatakwal an nutsa cikin karatu sannan uwa za ta ga ɗigon ja a gajeren wandonsa, lokacin kowa ya manta da zancen rafi. Saboda haka ke uwargida, in kin kai shi asibiti, ki faɗa wa likita da bakinki cewa yaron ya shiga ruwan fadama a wata kaza. Wannan kalma ɗaya za ta rage muku yawon gwaje-gwaje, domin fitsarin kawai za a duba a nemi ƙwan.

A ƙauyen kuwa ciwon ya zama ɗan gida, har wasu na ɗaukarsa alamar yaro ya fara zama namiji. Ba haka ba ne. Yaron da ke zubar da jini kullum, ko kaɗan ne, jininsa na raguwa, ga kasala, ga rashin fahimtar karatu. In aka bar shi shekara da shekaru yana iya lalata mafitsara, ya taɓa ƙoda. 'Yan mata ma na kamuwa, kuma nasu ya fi ɓuya, domin yakan zo da ƙaiƙayi da zubar ruwa da ciwon mara, a yi ta shan maganin sanyi ba a dace ba. Maganinsa ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana ba da ita gwargwadon nauyin mutum, a makarantu kuma in an zo rabo akan auna tsayin yaro da sanda. A kan cikin da ya ƙoshi ake sha, in ba haka ba tana sa jiri da tashin zuciya. Tana kashe tsutsar, amma ba ta hana a sake kamuwa, ga shi ba yadda za a yi ka ce wa ɗan masunci ya rabu da ruwa. Kai da ka zo baƙunta ne kake da zaɓi: a ɗebo wa yara ruwan famfon burtsatse su yi wanka, in kuma na rafi ne kaɗai, a tafasa shi ko a bar shi a mazubi ya kwana biyu, ƙwayoyin ba sa wuce haka da rai.

Sauro kuwa ba sai na ɓata maka lokaci ba. Ana kiran magariba zai fito daga cikin ciyawar, ka ji kukansa kamar ana kaɗa gurmi daga nesa. Ka zo da gidan sauronka. Na dai ji daɗin ganin katin maganin rigakafin zazzaɓin damina a gidajen da na shiga, wanda ake bi gida-gida ana ba yara daga 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Masu rabon ma a kwale-kwale suke zuwa.

A darena na biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ji ana buga ƙyauren mai masaukina. Maƙwabcinsa ne, dattijo, yana magana ƙasa-ƙasa. 'Yarsa ce ke naƙuda. Mijinta ɗan garin ne amma a Legas yake sana'a, can suke zaune, ya kawo ta goyon ciki tun tana wata bakwai kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Ashe tun asuba abin ya kama ta, ta yi shiru saboda kunya, sai da azahar uwarta ta lura. Ungozoma ta zo ta zauna da ita har dare, ta ga kan ɗa ya ƙi saukowa, yarinya kuma ƙarfinta na ƙarewa, sai ta fito ta ce wa uban wannan ba nata ba ne, a nemi asibiti. Allah ya saka wa matar nan da alheri, domin wata da sai ta ce a ƙara jira zuwa safe.

Sai aka shiga neman mijin. A ƙauyen wuri ɗaya ne waya ke kamawa sosai, kan wani tudu bayan makabarta. Can wani saurayi ya ruga da wayoyi biyu. Kira na farko na Legas ne, mijin ya ce a tafi da ita ko'ina ne, zai turo kuɗi. Na biyu na wani direba ne a garin bakin kwalta, cikin direbobin da suka saba ɗaukar mata masu naƙuda ko da tsakar dare, aka ce ya jira a mashiga. Kafin a sauko da ita an shimfiɗa katifa a cikin jirgi mafi girma a garin. Uwarta ta shiga ta riƙe kanta, ungozoma ta zauna gefen ƙafafu, maza uku suka kama sanda, yaro ɗaya a gaba da tocila. Muna tsaye a bakin ruwa muka ga hasken ya shige cikin kacala, ya yi ta raguwa har ya ɓace. Babu wanda ya koma barci. Dattijon ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida yana jan carbi, mu kuma muka zauna tare da shi.

Sai da hantsi labari ya zo. Sun yi kamar awa ɗaya da rabi a ruwa, sannan mota ta kai su babban asibiti. An yi mata aiki an ciro 'ya mace, uwa da 'ya suna raye, biyu daga cikin masu tuƙin sun ba da jini. Mai masaukina ya ce mini da kafin gayya abin ya faru, jirgi mai girman wannan ba zai ratsa ba ko da rana, balle da dare. Ya kuma ambaci wata da aka yi rashinta a hanyar bara waccan, bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Likitoci na cewa naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta zaman gida ba ce. Haka zubar jini, da jijjiga, da matsanancin ciwon kai tare da kumburin fuska da hannu. Doguwar naƙuda irin wannan, in uwa ta tsira, ita ce kan bar ta da yoyon fitsari, kuma duk wanda ya taɓa leƙa sashen da ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da shi a asibitin Jahun tun 2008 ya san yawancin matan da ke kwance can daga irin waɗannan ƙauyuka suke.

Goyon ciki al'ada ce mai kyau, ba ni da ja. Yarinya a haihuwar fari tana buƙatar uwarta, kuma a ɗaki ɗaya na haya a Agege ko Idi-Araba babu mai dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan yarinya daga unguwar da asibiti ke bayan layi aka ɗauko ta, aka kawo ta inda rayuwarta ta rataya a kan ko maza sun yi gayya ko ba su yi ba. Kai maigida, in lokacin naka ya zo, lissafa watan haihuwar tukuna. In ya faɗa tsakanin Agusta da Nuwamba, tambayi surukanka ta ina ake fita garin a wannan lokaci, awa nawa ne zuwa asibitin da ake yin aiki da ƙarin jini, wane ne mai jirgi, wane ne mai mota, ka karɓi lambobinsu. Ka bar izini a hannun surukinka tun kafin ka juyo, kada a tsaya hawa tudu neman ka. Katin awon da ta fara a birni ya tafi tare da ita. In kuma akwai ɗan uwa a Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa, babu abin kunya a ce ita da uwarta su koma can in wata tara ya kama. Wasu kuma uwar suke ɗaukowa ta zo birni, kuɗin motarta bai kai na tiyata ba.

Da la'asar na yi sallama. Dattijon nan, wanda yanzu ya zama kaka, ya biyo ni bakin ruwa da kwalin banda ɗaure da igiya, ya ce in na isa Legas in miƙa wa surukinsa, na cefanen suna ne in ya sayar. Jirgin da ya kai 'yarsa shi ya ɗauke ni, katifar ma ba a fitar ba, an dai naɗe ta a gefe. Muna cikin ciyawar mai jirgin ya nuna mini da sanda inda suka yanke sati biyu da suka wuce. Sabbin ganye sun riga sun leƙo saman ruwa kamar tsawon taƙi guda. Ya ce bayan an gama yankan shinkafa za a sake kiran gayya.